Arrays.parallelSort na Java: da sauri, amma sai jerin ya yi girma

Aikina ya haɗa da jera lambobi miliyoyi daga ƙarami zuwa babba, yawancinsu lambobi ne masu nuna lokutan da bayanai suka shigo daga na'urori, kafin a yi lissafi a kansu. Da Arrays.sort, umarnin jerawa na yaren manhaja Java, nake yi, yanzu kuwa na koma Arrays.parallelSort, wanda ya zo tare da Java 8 a shekarar 2014. Sauyin bai wuce kalma ɗaya a lambar manhaja ba, kuma wannan ne abin da ya fara burge ni. Babu ruwanka da raba aiki ko kulle-kullen ma'adana, shi zai yi.

Yadda yake aiki a Java 8 mai sauƙin fahimta ne. Yana tsaga jerin gida-gida, kowace ƙwaƙwalwar firosesa (core) ta jera nata kason, sannan a haɗe su bi da bi. Tsarin Fork/Join na Doug Lea ne ke rabon, kuma duk wadda ta gama da wuri sai ta ɗebo daga aikin maƙwabciyarta. Idan jerin bai wuce lambobi 8192 ba, ba ya ma wahalar da kansa, jerawa ta yau da kullum yake yi. Daga Java 14 an sake fasalin ɓangaren lambobi zalla, aka ɗora shi kan dabarar jerawa ta Dual-Pivot Quicksort na Vladimir Yaroslavskiy.

A kan long[], wato jerin manyan lambobi, mai lambobi miliyoyi, bambancin a fili yake. Ina kallon allon aikin firosesa, sai in ga layukan duka sun miƙe tare, fankar kwamfutar ta ɗauki ƙara, kafin in gyara zama an gama. Sai dai kada wanda ke da ƙwaƙwalwa takwas ya sa ran saurin zai ninka sau takwas. Ko kusa. Dukkansu daga ma'adanar RAM ɗaya suke ɗiba, kamar magina da yawa ne aka ba su baro guda. Ga kuma abin da Gene Amdahl ya nuna tun 1967: ɓangaren aikin da ba ya rabuwa shi ke yanke iyakar saurin. Karanta fayil daga faifai, alal misali, yana nan yadda yake.

Abubuwa biyu ne ba su yi mini ba. Na farko, ma'aikatan (threads) da yake amfani da su na taska ɗaya ce da manhajar gaba ɗaya ke rabawa, wadda yawanci adadinta bai kai yawan ƙwaƙwalen ba da ɗaya. A kan saba (server) mai karɓar buƙatu da yawa, jerawa ɗaya mai nauyi na iya danne sauran ayyukan da suka dogara da wannan taska. In kuma an kunna manhajar cikin Docker, tsarin da ke killace manhaja, aka ware mata ƙwaƙwalwa ɗaya tak, shiru zai koma jerawa ta talaka, ba gargaɗi ba komai. Na biyu, yana iya cin ƙarin ma'adana da ta kai girman jerin kansa, wanda ba wasa ba ne idan jerin ya riga ya cika wuri.

A kula, jeri (array) kawai yake karɓa, ba ya karɓar List, wato wani salon ajiye abubuwa a jere a Java. Mai List<Integer> gara ya juye lambobinsa cikin int[], jerin lambobi zalla, tukuna, don lambobin da aka naɗe cikin Integer a warwatse suke a ma'adana, kuma sau da yawa wannan juyewar kaɗai na kawo sauƙin da ake nema. Masu double[], jerin lambobi masu ɗigo, kuma su sani NaN (alamar "ba lamba ba") a ƙarshen jeri yake taruwa, -0.0 kuma kafin 0.0 yake zuwa.

Na bar shi a aikin dare mai tace manyan fayiloli, inda kwamfutar ba ta da wani abin yi. A ɓangaren da ke amsa buƙatun masu amfani kuwa, Arrays.sort na nan a wurinsa.