Burusait ko talki? Yadda za ka bambance su

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce ya tsinci farin dutse mai ɗan kore-kore a jikin wani irin koren dutse da ake kira safentin, yana ɓarewa falle-falle, ya tambaya ko talki ne ko burusait. Ruɗanin ba laifinka ba ne, malam, domin dukansu ma'adinai ne masu sinadarin maganiziyam, kuma sau da yawa a irin dutse ɗaya ake samun su.

Fara da farce. A ma'aunin Mohs, wanda ake auna taurin ma'adinai da shi daga 1 zuwa 10, taurin talki 1 ne, farce na shiga jikinsa kamar sabulu, yatsa kuma zai ji santsi. Burusait yana tsakanin 2.5 da 3, daidai da taurin farcen kansa, da ƙyar za ka bar masa alama. Kada ka dogara da lanƙwasawa: fallen kowannensu yana lanƙwasuwa ya zauna a haka ba ya komawa, saboda haka maika kaɗai, wato ma'adinin da fallensa ke komawa yadda yake bayan an lanƙwasa shi, wannan gwajin yake fitarwa daga lissafi. Nauyi ma da ɗan bambanci, burusait ya ninka nauyin ruwa mai girmansa kusan sau 2.4, talki sau 2.7 zuwa 2.8, amma hannu ba zai gane wannan a ƙaramin gutsure ba.

Gwajin da ke raba gardama shi ne asid. Burusait maganiziyam haidiroksaid ne zalla, Mg(OH)2. Ka kankare ɗan garinsa cikin asid haidirokulorik da aka sirka da ruwa, zai narke shiru, babu kumfa. Talki akwai silika a cikinsa, ko gezau ba ya yi. A nan ake yawan kuskure: burusait da ya daɗe a iska yakan yi farar ɓawo ta kabonet, ita ce ke tafasa, sai mutum ya ɗauka maganisait ne, wato ma'adinin kabonet na maganiziyam. Ka fasa, ka gwada sabuwar fuska. A sa tabarau na kariya.

In kana da bututun gilashi, ɗora garin a wuta. Kusan kashi 31 cikin 100 na nauyin burusait ruwa ne, kuma yana fara sakinsa da zafi ya kai wajen digiri 330 na ma'aunin Celsius, za ka ga raɓa ta taru a bakin bututun. Shi ya sa ake zuba shi a robar wayoyin lantarki don rage cin wuta. Ruwan talki bai kai kashi 5 ba, kuma ba ya fita sai zafi ya haura digiri 800.

Sunan burusait kuwa, masanin Faransa François Beudant ne ya raɗa shi a 1824 don girmama Archibald Bruce, Ba'amurken da ya fara bayyana ma'adinin daga Hoboken a jihar New Jersey. Talki sunansa ya biyo ta Larabci ne. Idan naka zare-zare ne ba falle ba, nemalait ake kiran wannan nau'in burusait, kuma kada ka shaƙi ƙurarsa, don yakan zo haɗe da asbesto, ma'adini mai zare-zare da ke cutar da huhu.