Injin zarto mai teburi na 'yan kwangila: wata takwas da shi a Bauchi

Na ɗauki lokaci ina auna ƙaramin injin da ake ɗauka zuwa wurin gini da wannan mai teburin zubin ƙarfe, kafin na sayi na biyun, na hannu, domin shagon kafinta da na buɗe a zauren gidana. Nauyinsa ne ya rinjaye ni, saboda ba ya rawa idan aka tura masa busasshen madaci, kuma motarsa mai juya zarto da bel ba ta da ƙarar da za ta hana maƙwabta barcin rana. Zartonsa mai inci 10 yana raba katako mai kaurin kusan inci 3, wanda ya wadatar da ni wajen ƙofofi da gadaje.

Matsalar tana wajen wuta. An ƙera shi ne don Amurka, inda ake amfani da bolt 120, alhali namu 230 ne, don haka sai da na sayi taransfoma. Ga shi kuma yana jan wuta sosai lokacin tashi, har ƙaramin janareta ya shaƙe. Wanda zai saya ya fara karanta farantin bayanin wuta da ke jikin motar injin kafin ya yi ciniki.

Madogarin awonsa, wato shingen da ake jingina katako da shi don yankan ya miƙe, yana kullewa daidai, sai dai ya zo ba tare da wuƙar bayan zarto ba, wadda ke hana katako tsuke zarton ya dawo kan mai aiki, dole na sa aka ƙera mini. Da damina kuwa teburin yakan yi tsatsa idan ban shafa masa kakin zuma ba.