Tsaron ɗakunan binciken dabbobi a jami'a: me ya kamata a fara saya?

Duk jami'ar da take kiwon ɓeraye, zomaye ko birai domin binciken magani, idan ta ji cewa masu fafutukar kare haƙƙin dabbobi sun sa mata ido, abin da hukumarta take fara tunani shi ne ƙara tsayin katanga da ɗauko ƙarin masu gadi. Kuɗin tsaro kuwa ba ya isar kowane fanni, dole sai an zaɓa, kuma abin da ya faru a Italiya da Birtaniya da Amurka ya nuna cewa katanga da gadi su ne ya kamata su zo a ƙarshen lissafi. Dalili shi ne, mutanen da suke tsayawa a bakin titi da kwalaye suna rera taken adawa haƙƙinsu suke amfani da shi, ba su ne suke yin ɓarna ba. Ɓarnar tana zuwa ne daga wasu 'yan ƙalilan, kuma ba kasafai ta katanga suke shiga ba.

A ranar 20 ga Afrilun 2013 wasu mutum biyar suka shiga sashen nazarin magunguna na Jami'ar Milan ba tare da sun fasa ƙofa ba, abin da ya sa aka yi zaton katin shiga suka samu ta bayan fage. Wasu daga cikinsu suka ɗaure wuyansu a jikin ƙofa yadda ba za a iya buɗe ta da ƙarfi ba sai an ji musu rauni. Dabbobin da suka fita da su kusan 100 ne, amma asarar da ta fi ciwo ita ce sun cakuɗa takardun shaidar da ke jikin kejina, sun kuma gauraya ɓerayen. Ɓeran da aka sauya wa ƙwayar halitta ba a bambanta shi da ɗan'uwansa da ido, saboda haka aikin shekaru ya lalace alhali yawancin dabbobin suna nan a cikin ɗakin.

Wannan ya sa na fi son mai saye ya fara da ƙofa. Kati shi kaɗai shi ne mafi arha, shi ne kuma mafi rauni, domin ana aronsa, ana sace shi, tsofaffin nau'o'insa ma ana iya kwafarsu. Na'urar da ke karanta zanen yatsa ta fi shi ƙarfi, sai dai a ɗakin dabbobi ma'aikaci yana sanye da safar hannu, ko kuma ya wanke hannu yatsunsa a jiƙe, idan na'urar ta yi ta ƙin gane shi, ba a daɗewa sai ka tarar an tokare ƙofa da kwandon shara. Mai karanta ƙwayar ido ba ta da wannan matsala, amma tana da tsada. Ga yawancin jami'o'i, kati haɗe da lambar sirri ya wadatar, muddin an raba ginin shiyya-shiyya yadda katin mai share baranda ba zai buɗe ɗakin kiwo ba, ana kuma soke katin duk wanda ya bar aiki a ranar da ya bari. Akwai tambayar da ya wajaba a yi wa dillali kafin a sa hannu: idan aka ɗauke wuta, ƙofar buɗewa take yi ko kullewa? Makullin maganaɗisu yana sakin ƙofa da zarar wuta ta yanke idan babu batir, wanda kuwa yake zama a kulle dole ya kasance ana iya buɗe shi daga ciki saboda gobara.

Abu na biyu shi ne shaidar da ke jikin dabbar kanta. Ana iya sa lamba a kunne, ana iya dasa 'yar ƙwayar lantarki mai kamar girman shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ta fi tsada amma ba ta faɗuwa. A haɗa da daskarar da ƙwayayen haihuwa na kowane jinsi mai daraja a wani gini daban, da ajiye kwafin bayanai nesa da ɗakin. Waɗanda suka kutsa Jami'ar Iowa a Nuwamban 2004 sun kwashe ɓeraye kimanin 400, sun farfasa kwamfutoci, sun zubar da sinadarai, aka ƙiyasta asarar a kusan dala 450,000.

Kyamara tana da amfani wajen kafa hujja a kotu, amma ba ta tare kowa idan babu mai kallonta, don haka kada a zuba mata kuɗi fiye da kima. Game da masu gadi, na kamfani sun fi sauƙin kuɗi kuma ana iya ƙara yawansu ranar zanga-zanga, amma ana yawan sauya su, ba sa sanin fuskokin ma'aikata. Gara jami'a ta riƙe nata 'yan kaɗan a ƙofar ciki, waɗanda aka horar da su kada su tanka wa mai tsokana.

Abin da kasafin tsaro ya fi mantawa da shi shi ne mutanen da ke wajen harabar. Ginin binciken Jami'ar Oxford ya tsaya cik a Yulin 2004 saboda kamfanin da ke aikin ya janye bayan matsin lamba a kan masu hannun jarinsa, ba a ci gaba ba sai ƙarshen 2005 da magina masu rufe fuska, ba a kuma buɗe shi ba sai 2008. Cambridge ta haƙura da nata ɗakin binciken birai a Janairun 2004, ta ambaci hauhawar kuɗi har da na tsaro. A Los Angeles an ƙona motar masanin ƙwaƙwalwa David Jentsch a ƙofar gidansa a 2009. Babu katangar jami'a da za ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya taimaki Oxford shi ne umarnin kotu da ta samu, wanda ya shata iyakar da ba a ƙetarewa, ya kare ma'aikata da 'yan kwangila, amma ya bar wa masu adawa wuri da lokaci a kowane mako su yi zanga-zangarsu. Kuɗin lauya da na sa fitila da ƙararrawa a gidajen malaman da aka ambaci sunansu ya fi ƙarin mita ɗaya na katanga amfani.

Tantance sababbin ma'aikata ma yana cikin lissafi, tun da a 1981 Alex Pacheco, wani mai fafutukar kare haƙƙin dabbobi, ya shiga wani ɗakin bincike a Silver Spring ta Amurka a matsayin mai aikin sa kai, hotunan biran da ya ɗauka suka sa 'yan sanda suka kai samame. Sai dai a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi: jami'ar da take tsoron kyamarar ɓoye ta fara duba kejinta. Likitan dabbobi mai ikon dakatar da aiki, da hanyar da ma'aikaci zai kai ƙorafi ba tare da fargaba ba, suna cikin kayan tsaro, kuma haƙƙin dabbar ne tun kafin su zama kariyar jami'a. A 2014 cibiyoyi 72 a Birtaniya suka sa hannu kan yarjejeniyar bayyana wa jama'a yadda suke amfani da dabbobi, kuma jami'o'i da dama suna wallafa adadin nasu kowace shekara. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, shafi ne a intanet da wasu malamai da aka koya wa amsa tambayoyin 'yan jarida, don haka ana iya fara shi tun kafin dillalin ƙofofi ya kawo farashinsa.