Wane Takunkumi Za Ka Saya Don Ƙurar Aiki da Warin Fenti?

Kafin ka kai hannu aljihu, ka fara lura da abin da ke shiga hancinka a wurin aiki. Idan ka fyace majina da yamma ka ga ta fito baƙa ko fara, ƙura ce. Idan kuwa kanka ke sarawa, ko jiri ya ɗebe ka bayan an buɗe gwangwanin tinna, to tururin sinadari ne. Takunkumin da ke tare ɗaya ba lalle ya tare ɗayan ba, kuma a nan masu saye da yawa ke asarar kuɗinsu, wasu har da lafiyar huhunsu.

Na ƙyalle da shuɗin nan na asibiti ba sai mun daɗe a kansu ba. An yi na asibiti don tare feshin yawu, gefensa a buɗe yake, ƙura kuwa ta nan za ta bi.

Na gaba shi ne mai kama da ƙoƙo, wanda ake yarwa idan ya gaji. Ka duba rubutun da ke jikinsa, ba na kwalin kaɗai ba. N95 ma'aunin Amurka ne, yana tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin ƙura, kuma na gaskiya yana ɗauke da tambarin NIOSH, wato hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, da lambar amincewa mai farawa da TC. Na Turai ana rubuta masa EN 149, kuma hawa uku ne: FFP1 kashi 80, FFP2 kashi 94, FFP3 kashi 99. KN95 na Sin ne, yawanci igiyarsa a kunne take, shi ya sa ba ya matse fuska kamar mai igiya biyu da ke zagaya ƙeya. Ni dai mai igiyar ƙeya nake ba kowa shawara. Wanda ke da ɗan murfi a gaba yana sauƙaƙa fitar numfashi da zafi, ba wai ya fi tacewa ba ne.

Mai shara ko mai ɗaukar buhun siminti, FFP2 ko N95 zai yi masa. Amma mai yankan dutse, tayil ko kankare da inji ya nemi FFP3. Ƙurar waɗannan tana da sinadarin silika, kuma mafi munin ta ita ce wadda ido ba ya gani. Tana sauka can cikin huhu ta bar tabo, tabon kuma ba ya warkewa. Sai bayan shekaru mutum ya ga hawa bene ya zame masa aiki, ga shi tarin fuka ya fi saurin kama mai irin wannan huhun. Kafinta da mai walda ma kada su raina nasu: hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar, a 2017 kuma ta sa hayaƙin walda a wannan sahu.

To mai fenti fa? Shi duk waɗannan ba su tare masa tururin tinna ko kaɗan. Abin da yake bukata shi ne takunkumin roba mai rufe hanci da baki, wanda ake ɗaura wa matatai a gefe. Ya fi tsada da farko, amma ana wanke shi, matatan kawai ake canzawa, don haka ga mai aiki kullum ya fi arha idan tafiya ta yi nisa. Cikin matatar tururi gawayi ne na musamman da ke tsotse sinadarin. Launinta ke nuna aikinta: a tsarin Turai, ruwan ƙasa mai harafin A ta tinna da fenti ce, kore mai harafin K ta amoniya; a tsarin Amurka ta tinna baƙa ce. Mai feshi ya haɗa da matatar ƙura a kai, mai lamba P3 a tsarin Turai ko P100 a na Amurka, saboda yayyafin fentin. Gawayin yana ci gaba da tsotsar iska ko a rataye yake, don haka a ajiye shi cikin leda a rufe, a rubuta ranar da aka buɗe, a canza kafin a fara jin wari. Fentin mota da ake haɗawa da maganin busarwa shi kuma wani babi ne, yana iya jawo asma ta dindindin, kuma takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo ne ya dace da shi.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne masu ganin takunkumin roba kamar ya gama komai, su shiga rijiya, tanki ko ramin masai da shi. Matatar takunkumi ba ta samar da iskar oksijin, kuma ta ƙura da ta fenti ba sa tare gubar hayaƙin janareto, wadda ba ta da wari balle launi. Irin wannan wuri sai an gwada iskarsa da na'ura, an hura masa iska, an kuma bar mutum a waje yana gadi.

Sai maganar gemu. Duk takunkumin da ke manne wa fata, gashi yana hana shi zama, ko da tsiron kwana biyu ne. Mai gemu ba sai ya yaudari kansa ba; akwai hular da ke rufe kai gaba ɗaya, mai ɗan injin batir a ƙugu da ke turo tacacciyar iska. Ita ce mafi tsada, kuma ita ce ta dace da shi.

Idan kai ne mai wurin, kafin ka sayo takunkumi katan-katan, duba ko ɗan tiyon ruwa a bakin injin yanka, ko na'urar zuƙe ƙura, za su rage matsalar tun daga tushe, don su suna kare har wanda ke wucewa. Idan kuma ka zo saye, nemi a ba ka ka gwada, tunda fuska ba ɗaya ba ce. Ɗaura shi, toshe matatan da tafin hannu, ka ja numfashi a hankali. Idan ya lotsa ya manne, girmanka ne. Idan ka ji iska na shiga ta gefen hanci ko haɓa, mayar ka karɓi wani.