Ajin adabin Turanci a Samaru: yadda ake koyar da Ozymandias

Wannan ajin yamma da ke Samaru ya iya koyar da Ozymandias, waƙar mawaƙin Ingila Shelley ta 1818. Layi 14 ce kacal, amma malamin yakan fara da raba muryoyinta a allo: mawaƙin, matafiyin da ya ba shi labarin wani rusasshen gunki a hamada, sai sarki Ozymandias, wato Fir'auna Ramses na biyu, da ke cika baki a rubutun jikin dutse. Nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, su jingina wa Shelley alfaharin Fir'aunan.

Da an zo kan ƙafafun gunkin biyu marasa gangar jiki da fuskar da rabinta ya nutse a yashi, sai ya kawo misalin ganuwar Zazzau da ruwan sama ke zaizayewa. Wannan dabara ta yi.

Sai dai bayanin karin waƙar a gurguje ake yinsa, alhali ana tambayarsa a jarrabawa.