Ranar da aka hana ni kare a Birmingham

Na haura shekara arba'in a duniya, ban taɓa zaton za a wayi gari wata mata ta dube ni ta ce ban cancanci riƙon kare ba. Kare fa! Wanda a unguwarmu a Jos in karyar maƙwabci ta haihu sai an roƙe ka ka ɗauki ɗaya.

Ɓarayi ne suka fasa ɗan ɗakin ajiyar da ke bayan gidanmu a nan Birmingham ta Ingila suka kwashe kekunan yara. Uwargida ta ce a sa kyamara. Na ce kyamara ba ta haushi. Da yake malamanmu sun yi rangwame a kan karen gadi da na farauta da na kiwo, zuciyata ba ta yi wani ɗar ba. Ranar Asabar na saka kuɗi a aljihu na nufi wani gidan da ake tara karnukan da masu su suka rabu da su, da niyyar in nuna mafi girma in ce a sa mini shi a mota.

Ko ƙeyar kare ban gani ba aka miƙo mini takarda. Awa nawa kake yi a wurin aiki? Yaranka shekarunsu nawa? Gidan naka ne ko haya? Katangarka tsawonta nawa? Wallahi ko da na je neman aure iyayen matata ba su titsiye ni haka ba. Na daure na cike. Matar ta karanta, ta ɗago kai da murmushi, ta ce a ina karen zai riƙa kwana. Na ce a waje mana, zan sa masa sarƙa kusa da ƙofa, da dare a sake shi. Murmushin nan ya ɗauke kamar an ɗauke wuta. Ta ajiye biro a hankali, ta ce ba sa ba da kare don gadi, kuma mutumin da ke yin awa 12 a wurin aiki ba shi da lokacin kare, don su a wurinsu bai kamata a bar shi shi kaɗai fiye da awa 4 ba. Duk wannan a gaban ɗana, wanda tun a mota nake yi masa alfahari da Duna, karen gidanmu na da.

Na miƙe ina huci. Amma kafin in fita ta tsayar da ni ta yi mini wani bayani da har yau yake cina. Na ce Alseshiyan nake so, wanda muke kira karen 'yan sanda. Ta ce asalinsa karen kiwon tumaki ne a Jamus, an yi shi ne don ya wuni yana aiki da mutum, in ka ɗaure shi ba abin yi, ko ya lalace ko ya huce a kan na kusa da shi, kuma na kusa da shi yaranka ne. Ta ce da yawansu ƙugu ke ba su matsala in sun manyanta, shi ya sa mai saye da hankali yake neman takardar gwajin ƙugun iyayen. Ni da ban taɓa tambayar ko waye uban kare ba.

Daga baya na gane abin nasu ya yi nisa. Ƙungiyar Kennel Club mai rajistar karnuka, wadda aka kafa tun 1873, ta san nau'in kare sama da 200, kowanne da aikin da aka yi shi dominsa: na kiwo, na farauta, na ɗauko tsuntsun da aka harbo, har da ƙananan da ba su da sana'a sai zama a cinya. Duk watan Maris nan Birmingham ake gasar karnuka ta Crufts, a wanke kare a taje shi kamar amarya. Tun 2016 doka ta tilasta a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar da za a gano mai shi, in ka ƙi, tarar tana iya kai fam 500. Yanke kunnen kare, wanda maharbanmu ke yi ba tare da tunanin komai ba, laifi ne a nan. Wasu nau'o'in ma an haramta su tun 1991.

Kada ku ce na zama Bature. Akwai abin da ke ba ni haushi. Mutanen da suka hana ni kare don tausayi su ne ke tururuwar sayen wani mai lotsattsen hanci, buldog ɗin Faransa, wanda numfashi ma da ƙyar yake yi, har wasu sai an yi musu tiyata. Za ka ga kare da rigar sanyi da inshorar lafiya, ga mutum kwance a bakin shago cikin hunturu. Sai in tuna Duna. Ƙanzo da ruwan wankin tukunya ya ci ya rayu, bai taɓa ganin likita ba, kuma ko kaza ba a taɓa sata a gidanmu ba. Kuma kun san abin dariya? Azawak, siririn karen Buzaye na Nijar da Mali, ɗan uwan irin waɗanda muke jifa da dutse, a nan sai ka yi rajista ka jira layi kafin ka samu.

To amma Duna ma ai sa'a muka ci. Ga Vom can kusa da Jos, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi tun 1924, suna yin allurar rigakafin haukan kare, mu kuwa sai ya ciji yaro ake fara guje-guje. Ingila ta rabu da wannan ciwo a karnukanta fiye da shekara 100.

Makon jiya ƙanena da ke Kubwa ya kira ni, wai zai sayi Kokeshiyan. Na ce kai, wannan karen duwatsu masu ƙanƙara ne, ko sanyin Jos lallaɓawa yake yi, balle zafin Abuja a watan Maris, cikin keji mai rufin kwano. Na tambaye shi wa zai fita da shi yawo, nawa zai ci a wata, ya ga uwar ɗan kwikwiyon da idonsa ko hoto aka turo masa. Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ai shi ake yayi." Sai na ji muryar matar nan tana fita daga bakina, har da ɗan murmushin.

Ya ce zai yi shawara, na san ya riga ya biya kafin alƙalami. Ni kuma ranar Litinin mai sa kyamara zai zo, uwargida ce ta kira shi.