Gyaran birkin tsohuwar felodata: aiki ya yi kyau, amma an ja mini rai

'Yan uwa masu tifa da masu harkar yashi sun yi ta tambayata yadda na ƙare da dattijon da ya gyara mini birkin feloda, to ga abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi. Tsohuwar Caterpillar 950 ce, irin ta farko mai silinda huɗu, wadda iska ce ke tura man birkinta. Lodin yashi muke yi da ita a wajen Tamburawa, kusa da Kano. Duk wanda ya san gangarar da ake bi a sauka bakin ruwa ya san abin da ake nufi idan aka ce ƙarfen da ya haura tan 10, ga bokiti cike da jiƙaƙƙen yashi, an taka masa birki ya ƙi tsayawa.

Tun kafin damina birkin ya fara wasa. Direba zai taka, sai ta ɗan ja gaba kafin ta tsaya, wani lokacin kuma tayar baya ta riƙe ta ƙi saki har faifan ya ɗau zafin da hannu ba ya taɓuwa. Abin ya kai direban da bokiti yake tsayar da ita, ya dangwara shi ƙasa. Bakaniken da muke hulɗa da shi a lokacin ya sha zuwa. Ya canja takalmin birki, ya ƙara mai, ya karɓi kuɗinsa, bayan 'yan kwanaki mu koma gidan jiya.

Shi wannan dattijon da aka haɗa ni da shi, ranar da ya zo bai ko ɗauko sifana ba. Ya sa aka sauke bokiti, aka kare tayoyi da manyan duwatsu, aka saƙala ƙarfen da ke hana injin lanƙwashewa ta tsakiya, ya ce shi ba ya shiga tsakanin tayoyin feloda sai an yi haka. Aka tayar, ya tsaya yana kallon gejin iska har allurar ta haura 100, sannan ya ce a kashe kowa ya yi shiru. Ya zagaya yana saurare. Da ya buɗe famfon ƙasan tankin iska, ruwa ne ya yi ta tsiyaya haɗe da baƙin mai, ga tsatsa.

Amma abin da ya sa na sallama masa shi ne wanda ya biyo baya. Ya hau ya kwance murfin tukunyar man birki, sai ga robar da ke ƙarƙashin murfin ta kumbura ta yi laushi, ta ƙi komawa mazauninta. Ya tsoma yatsa ya shinshina. Ya ce a ba shi gorar ruwa, ya ɗiga man a ciki ya girgiza, ya ɗaga mini ita saitin rana. Man nan ya taso ya kwanta a saman ruwa. Ya ce, "Alhaji, man birki na gaskiya narkewa yake a ruwa. Wannan haidrolik aka zuba maka." Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Ashe duk ƙarin man da ake yi mana, guba ake ɗura wa injin. Ya yi mini bayani cewa akwai felodojin da birkinsu man haidrolik yake sha, musamman na baya-bayan nan da faifansu ke cikin aksil yana wanka da mai, amma robobin irin tawa an yi su ne don man birki, DOT 3. Da sun haɗu da haidrolik sai su kumbura. Robar masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, idan ta kumbura takan toshe 'yar ƙofar da mai ke komawa tukunya, shi ya sa taya ke riƙewa bayan an ɗaga ƙafa. A wani wurin kuma robar ta yage, mai ya zurare, birki ya tafi. Cuta ɗaya ce ta haifi duka biyun, mu kuma muna ta sayen takalmi.

Hukuncinsa bai yi mini daɗi a aljihu ba: duk wata roba da man ya taɓa sai an fitar da ita. Masta biyu, na gaba da na baya, kalifa ta kowace taya, wato abin da ke matse faifan birki, da tiyoyin roba, sannan a wanke fayif-fayif ɗin ƙarfe tas. Bai ɓoye mini komai ba, duk abin da ya kwance sai ya shimfiɗa a kan buhu ya nuna mini. Fistin ɗin da tsatsa ta taɓa sama-sama ya goge ya mayar, waɗanda ta ci ta yi musu rami ya ce ko an sa sabuwar roba yanka ta za su yi. Wasu kayan mun samu a Ƙofar Ruwa, robobin masta kuwa sai daga Legas aka turo. Wajen fitar da iska daga layin mai ma bai yi gaggawa ba, taya bayan taya, yana jiran tanki ya cika kafin yaro ya sake takawa, har sai da man ya fito garau babu kumfa.

To a nan yabona ya tsaya, domin idan na tuna yadda aka kai ga wannan ranar raina ɓaci yake. Mutumin nan mako guda ya ce mini. Kaya sun iso, feloda na kan katako babu tayoyi, shi kuma ya ɓace. Waya a kashe, idan ta shiga ba a ɗauka. Daga baya na ji wani aikin ya karɓa a kwarin dutse, ya bar mini yara biyu da ba abin da za su iya yankewa sai ya dawo. Wannan fa a lokacin da masu gini ke rububin yashi. Tifofin da suka saba lodi a wurina suka koma wajen maƙwabta, wasu har yau ban sake ganinsu ba. Sai da na yi hayar wata felodar don kada in kunyata a wurin waɗanda suka riga suka biya, kuma kowa ya san abin da ake biya a wuni yanzu, ban da man gas. Da ya dawo na ce, "Haba Baba, ko a waya ai ka sanar da ni." Haƙuri kawai ya ba ni, kamar ba dukiya ce ke ƙonewa ba. Yaran nasa kuma sun zubar da man birki a jikin injin ba su goge ba, fenti ya ɗaye a wurin.

Sai maganar birkin hannu. Yana cikin cinikinmu tun farko, da bakinsa ya ce zai duba gangar da ke jikin giya ya ɗaure ta. Har ya tattara kayansa bai taɓa ta ba. Injin da ke aiki a gangara, a ce idan direba zai sauka sai ya dogara da bokiti da dutse? Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, rayukan yara masu shebur ne a ƙasa.

Birkin ƙafa kam, tsakani da Allah, tun da na sayi injin nan bai taɓa kamawa haka ba. Da lodi a bokiti aka gwada ta a gangarar, taki ɗaya ta tsaya cak, tayoyi huɗu tare, babu mai ja gefe. Fedar hagu ma da ke cire giya idan an matso jikin tifa ta dawo aiki. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa kwamfaresa ta fara tura baƙin mai cikin tanki, in shirya mata kuɗi, kafin nan direba ya riƙa zubar da ruwan tankin kullum idan an tashi aiki. Ya sa an rubuta DOT 3 da fenti a gefen tukunyar.

Mai son kai masa aiki ya kai, hannunsa na da kyau kuma ba ya cuta a kaya. Amma kada a bari ya kwance taya sai kayan gyara sun cika a ƙasa, kuma kada a biya shi duka. Ni dai ragowar kuɗinsa na wurina sai ranar da ya zo ya ɗaure birkin hannu, kuma a gaban yaransa na faɗa masa.